Malam Baba na Kumasi: limami kuma alƙali a inuwar sarkin Asante

Tun kafin a kafa zangon Kumasi da muka sani a yau, akwai Musulmi a tsakiyar birnin, kusa da fadar sarkin Asante, suna da limaminsu da makarantarsu da mai yanke musu hukunci. Mutumin da ya haɗa waɗannan ayyuka uku a farkon ƙarni na 19 shi ne Muhammadu al-Gamba, wanda kowa ke kira Baba. Asalinsa daga Gambaga ne, a ƙasar Mamprusi da ke arewacin Ghana ta yanzu, ya kuma zauna a Kumasi wajen shekarar 1807, zamanin Sarki Osei Bonsu.

Ciniki ne ya share masa hanya. Goron dajin Asante yana fita ta Salaga, a ƙasar Gwanja, zuwa Kano da Katsina da Barno, zinariya kuma tana bin hanyar Bonduku zuwa ƙasashen Mande. Da Asante ta mamaye Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, sai ta sami kanta da talakawa Musulmi, masu karatu da rubutu da Larabci. Fada tana bukatar mai rubuta wasiƙa zuwa sarakunan arewa, da mai addu'a idan za a fita yaƙi, da mai rubuta laya. Nan malamai suka sami gurbi. Amma gurbin yana da iyaka. Sarki Osei Kwame, wanda ya riga Osei Bonsu sarauta, ya rasa gadon sarautarsa, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da yawan karkata ga Musulmi. Duk malamin da ya zo bayan wannan ya san cewa sarki zai girmama shi, zai nemi albarkarsa, amma ba zai musulunta ba.

To yaya masanin fiƙihu zai zauna a irin wannan wuri? A daidai wannan zamani, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da tasa amsar a ƙasar Hausa: ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma rubuta Bayan Wujub al-Hijra a 1806. Malaman yankin kogin Bolta kuwa wata fatawa suka gada, wadda ake dangantawa ga Alhaji Salim Suwari, malamin Soninke daga Masina. A fahimtarsa, Musulmi na iya zama ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin ba a hana shi addininsa ba. Shiriya ta Allah ce, tana zuwa a lokacinta, aikin malami shi ne ya riƙe ilimi ya kyautata hali. Almajiran wannan tafarki suna sauke littattafai uku kafin a naɗa musu rawani: Tafsirin Jalalaini, Ashafa ta Alƙali Iyal, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Malaman zuriyar Saganugu ne suka yaɗa shi a Kong da Bonduku da Wa, har ya zama ruwan dare a ƙasashen da ke hulɗa da Kumasi.

Yawancin abin da aka sani game da Baba ya fito ne daga Turawan Ingila biyu da suka je fada, Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820. Sun tarar da dattijo mai tarin littattafan Larabci, mai makaranta ta almajirai kusan 70, wanda ke halartar zaman fada idan magana ta shafi arewa. Shi da abokansa suka rubuta wa baƙin jerin zangunan fatake, gari bayan gari, daga Kumasi zuwa Salaga, zuwa ƙasar Hausa da Barno, har Makka. Bowdich ya lura da tsadar rubutu a birnin: takarda guda, in aka mayar da ita layu, tana iya ciyar da ƙaramin malami wata guda. Sarkin yaƙi kan fita da riga wadda aka lulluɓe da layu, wasu cikin fata, wasu cikin zinariya da azurfa.

Ba kowane malami ne ya yarda da wannan zama ba. Wani baƙo mai suna Sharif Ibrahim, wanda ya zo ta Bargu kuma ya ba Bowdich labarin mutuwar Bature matafiyi Mungo Park a Busa, ya soki malaman Kumasi kan halartar bukukuwan fada da ake zubar da jinin mutane. A ganinsa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaƙin Gyaman na 1818, wanda Asante ta yi da ƙasar Bonduku, ya ƙara tsananta al'amarin, domin akwai Musulmi a rundunar Asante, akwai su kuma a ɓangaren Bonduku da Kong. Baba ya zaɓi ya zauna a inda yake, yana ɗaura aure, yana raba gado, yana karantar da yara, yana kuma da bakin magana a gaban sarki idan wani Musulmi ya shiga matsala.

Shaidar wannan zamani ta tsira ta wata hanya mai ban mamaki. A yaƙin Katamanso na 1826, inda aka ci rundunar Asante kusa da Ankara, wani ƙunshin takardun Larabci ya faɗa hannun mutanen Denmak. Yana ajiye a babban ɗakin karatu na Kopenhagen, ɗaruruwan warƙoƙi na addu'o'i da hatimai, da wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da 'yan uwansu na Gwanja da Mamprusi.

Bayan Baba, Sarki Kwaku Dua na ɗaya ya mayar da limancin fada sarauta mai ɗorewa a hannun Usmanu Kamagate, mutumin Gwanja. Zangon Hausawa kuwa ya bunƙasa ne bayan Turawa sun kama Sarki Prempeh a 1896 sun kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Sojojin Hausa, da fataken goro da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa, suka cika birnin. A shekarun 1920 Malam Salau, Bakatsine, shi ke riƙe da sarautar zango, karatun Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, yana yaɗuwa ta hannun almajiransa.

Waɗannan baƙi sun zo da Ahalari da Iziyya da Risala, da labarin jihadin Shehu a bakinsu. Amma tsarin da suka tarar, suka kuma bi, shi ne wanda aka shimfiɗa zamanin Baba: ƙasa ta sarkin Asante ce, aure da gado da masallaci na malamai ne, kowane ɓangare yana ganin girman ɗaya. A kan wannan yarjejeniya ce Sarkin Zango da limamai ke zuwa gaisuwa fadar Manhyia har gobe, su yi wa sarki addu'a, su koma Aboabo da Asawase su ja salla.