Taɓin Hankali ko Ƙeƙasar Zuciya: Wa Zai Sake Zub da Jini?

A Kurfi da Dutsin-Ma, idan mai taɓin hankali ya raunata wani, abin da dangi kan fara tambaya shi ne ko zai sake. Tsoron amsar kan sa a ɗaure masa mari a ƙafa, a kulle shi a ɗakin bayan gida har ƙarfen ya ci fatar idon sawunsa. Wannan maƙala na ganin cewa tsoron ya saɓa wurinsa.

Sashe na 51 na Final Kod ya ɗauke alhakin laifi daga wanda gushewar hankali ta hana shi sanin abin da yake aikatawa. Amma akwai wani hali na daban da masana ke kira saikofati. Mai shi yana cikin hayyacinsa, bakinsa da zaƙi, ƙarya ba ta yi masa nauyi, ba ya tausayi, ba ya nadama. A 1991 Robert Hare na Kanada ya fitar da ma'aunin PCL-R na gano wannan hali, mai ɗauke da siffofi 20, kowace ana ba ta maki 0, 1 ko 2, jimilla 40. A Amurka ta Arewa daga maki 30 ne ake cewa mutum yana da halin.

Nazarin Bonta, Law da Hanson na 1998 ya nuna cewa abin da ke hasashen komawa ga laifi tsakanin masu taɓin hankali shi ne dai abin da ke hasashensa ga sauran masu laifi: tarihin ta'asa da halin ƙetare doka. Sunan ciwon kansa bai faye nuna komai ba. Ke nan mai jin muryoyi da bai taɓa dukan kowa ba sai yau, ya fi bukatar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau fiye da mari.

Sai dai ma'aunan da ake hasashen komawa ga laifi da su ba duba ba ne. Fazel da abokan aikinsa sun gano a 2012 cewa cikin waɗanda aka ce suna da haɗarin tashin hankali, kashi 41 cikin ɗari ne suka sake; cikin waɗanda aka ce haɗarinsu kaɗan ne, kashi 91 ba su sake ba. Sun fi iya wanke mutum fiye da kama shi. Kuma a kan fursunonin Kanada aka fara gina PCL-R, inda kowane laifi ke rubuce a fayil. A nan sau da yawa labarin yana bakin mai unguwa ne da dangi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofa. Saura jami'o'inmu, har da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, su gwada waɗannan ma'aunai a kan mutanenmu da harshen Hausa, kafin wani alƙali ya dogara da makinsu wajen ci gaba da tsare mutum.