Ikon Hukumomin Birane a kan Kekunan Haya Marasa Tasha: Nazarin Kwatance daga Sin, Amurka da Singafo

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta matakan da hukumomin birane suka ɗauka a kan kekunan haya marasa tasha daga 2016 zuwa 2019. Ta gano cewa lokacin da hukuma ta sa baki shi ne ya fi tasiri, kuma kuɗin ajiyar mahaya ne ɓangaren da aka fi yi wa sakaci.

1.0 Gabatarwa

A tsohon tsarin hayar keke, mahayi yana ɗaukar keke a wata tasha ya mayar da shi wata. Sabon tsarin ya kawar da tashar. Kowane keke yana da makullin da ake buɗewa da manhajar wayar salula, idan mutum ya isa inda za shi sai ya kulle shi ya bar shi nan. Kamfanin Ofo, wanda ya faro daga Jami'ar Peking, da Mobike, wanda ya fara aiki a Shanghai a Afrilun 2016, su ne suka yaɗa wannan salo.

Amfaninsa a fili yake, musamman ga mai son isa tashar jirgin ƙasa daga gida. Sai dai kuɗin gina tasha da kamfani ya huta da kashewa bai ɓace ba, ya koma wuyan jama'a ne, domin gefen titi da aka tanadar wa masu tafiya a ƙafa shi ya zama rumbun ajiyar kamfani kyauta. Makaho da mai keken guragu su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Nazarin ya dogara ne a kan dokoki da sanarwar hukumomin da abin ya shafa.

2.0 Biranen Sin

Gasar Ofo da Mobike ta dogara ne a kan yawan keke, kowa yana zuba nasa don ya mamaye titi kafin abokin hamayya. Zuwa Satumban 2017 kekunan da ke Beijing sun kai kusan miliyan 2.35. A Agustan shekarar Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar tare da wasu hukumomi ta fitar da ƙa'idojin da suka ɗora alhakin kula da harkar a kan birane. A watan ne Shanghai ta hana shigo da sababbin kekuna, Beijing ta bi sahu a Satumba. Amma an riga an makara. Ma'aikatan birane suka riƙa kwashe kekuna suna jibgewa a filaye, tsibi-tsibi, har aka riƙa kiran wuraren maƙabartar kekuna.

Ɓarnar da ta fi wannan ciwo ta kuɗi ce. A lokacin, Mobike yana karɓar yuwan 299 daga mahayi a matsayin kuɗin ajiya, Ofo kuwa ya fara da 99 ya ɗaga zuwa 199. Da Ofo ya durƙushe a Disamban 2018, mutum fiye da miliyan 10 ne suka shiga layin neman a mayar musu da kuɗinsu. Hankalin hukumomi ya tafi ga keken da ake gani a titi, aka bar amanar talakawa a hannun kamfanin da ke tafka asara.

3.0 Seattle da Dallas

Waɗannan birane biyu na Amurka sun karɓi kekunan a shekara ɗaya, 2017, amma ta hanyoyi mabambanta. Seattle ta tsara takardar izini tun a Yuli, kafin kekunan su sauka. Kowane kamfani ya fara da keke 500, ana ƙara masa sannu a hankali, kuma dole ya riƙa miƙa bayanan zirga-zirga ga hukuma. Dallas ta zura ido, kekuna suka kai kusan 20,000, sai a Yunin 2018 majalisar birnin ta yi doka. Ofo ya tattara ya fice, aka ga kekunansa a wurin sayar da ƙarafa.

Seattle ma ba ta tsira daga kuskure ba. Da ta sanya dala 250,000 a matsayin kuɗin izini a 2018, Ofo ya fita daga birnin. Kuɗin izini mai nauyi yana rage gasa, ko da manufarsa mai kyau ce.

4.0 Singafo

A Maris na 2018 majalisar dokokin Singafo ta gyara dokar wuraren ajiye ababen hawa, ta ba Hukumar Sufurin Ƙasa ikon ba da lasisi da ƙayyade yawan keken kowane kamfani. Daga Janairun 2019 mahayi ba zai rufe tafiyarsa ba sai ya ɗauki hoton tambarin QR da ke wurin ajiya da aka shata. Wanda ya saɓa zai biya dalar Singafo 5, wanda ya maimaita sau uku a shekara a dakatar da shi. Wannan tsari ya dawo da tasha ta wata siga mai arha, fenti a ƙasa maimakon ƙarfe. Duk da haka, lokacin da kamfanin kekunan haya na oBike ya rufe a Yunin 2018 ya tafi da kuɗin ajiyar ɗimbin mahaya, dalar Singafo 49 ga kowane babba.

5.0 Kammalawa

Birnin da ya kafa sharaɗi kafin keke na farko ya sauka ya kashe kuɗi kaɗan wajen gyara fiye da wanda ya jira titi ya cika. Wannan maƙala tana ganin bai kamata hukuma ta ba kowane kamfani izini ba sai ya amince da iyakar yawan keke da wuraren ajiya da aka shata, ya kuma zuba kuɗin ajiyar mahaya a asusun da ba shi da ikon taɓawa.