Kwaɗon Mustafa Alasan: Daga Fada Zuwa Fagen Kokowa

Duk wanda ya taɓa kwana a kwarin Majiya, tsakanin Buza da Madawa, ko a bakin tabkin Keita a farkon damina, ya san cewa da zarar ruwan fari ya sauka, kwaɗin da suka shafe rani a binne cikin ƙasa sukan fito su cika dare da kururuwa, kowanne yana kumbura maƙogwaro kamar shi kaɗai aka ba izinin magana. Wannan halitta da ba ta da kwarjinin zaki, ba ta da wayon dila, ita ce wani ɗan Nijar, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya ɗauka ya naɗa mata sarauta a majigi, har ta zama dabbar da aka fi tunawa da ita a tarihin zane mai motsi na wannan ƙasa.

Sanya magana a bakin dabba don a faɗa wa masu mulki abin da ba ya faɗuwa a gabansu tsohuwar hikima ce, wadda malamanmu suka sani tun daga Kalila wa Dimna, littafin da Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na takwas, kuma iyayenmu mata suka sani ta hanyar Gizo da Ƙoƙi, sa'an nan Abubakar Imam ya sabunta ta a 1937 da ya ɗora aku a kan wazirci cikin Magana Jari Ce. Abin da zamani ya ƙara kawai shi ne na'ura. A Amurka kyanwar nan Felix ta bayyana a 1919, ɓeran Walt Disney, watau Mickey, ya yi suna a 1928 da fim mai sauti, a 1930 ya shiga shafukan jaridu, a 1934 kuma aka buɗe masa mujalla tasa ta kansa a Faransa. Ta haka dabbar majigi da dabbar takarda suka riƙa ciyar da juna, kamfani yana tara dukiya a tsakaninsu.

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 a Ndunga, kusa da Yamai a gaɓar kogin Kwara, bai gaji ko ɗaya daga cikin wannan gata ba. Makanike ne tun farko, mai hannun zane, wanda tun yana yaro yake tara jama'a da dare yana nuna musu inuwar siffofin da ya yanka a gaban fitila. Aikinsa a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai ya haɗa shi da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ya buɗe masa ƙofar sana'ar, daga nan ya tafi Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin da yakan zana siffa kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. Ina ganin darasin da ya fi amfanarsa a can shi ne cewa mutum guda, in yana da haƙuri, yana iya yin abin da a Amurka sai an tara ɗaruruwan ma'aikata; domin daƙiƙa ɗaya ta majigi hoto 24 take ci, kuma wanda ba shi da kuɗin biyan masu zane, lalle ya biya da dararensa.

A 1965 kwaɗin suka fara bayyana, cikin ɗan gajeren fim mai suna La Mort de Gandji, inda aka ga sarkin kwaɗi da fadawansa, kuma fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966. Amma a wannan shekara ta 1966 ne kwaɗon ya sami suna da muƙami, cikin Bon Voyage Sim, wanda tsawonsa bai wuce kamar minti biyar ba, zanen layi baƙi a kan fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, takwaransa na maƙwabciyar ƙasa ya gayyace shi ziyara, sai ga jirgin sama, ga sojoji a jere suna fareti, ga gaisuwar ban girma, ga dukan ƙa'idojin da sababbin ƙasashenmu suka ara daga Turawa shekara shida kacal bayan samun mulkin kai, alhali masu yin su duka kwaɗi ne masu tumbi da fitattun idanu. Ba a zagi kowa ba, ba a ambaci sunan kowa ba, kuma a nan balagar abin take, gama habaici ya fi zagi wuyar kai ƙara. Masu kallo na wancan lokaci kuwa ba su buƙaci sharhi ba, tun da a watan Fabrairu na shekarar ne aka hamɓarar da Kwame Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, kowa ya san tafiyar shugaba tana iya zama ta ban kwana.

Me ya sa kwaɗo, ba kura ko zaki ba? A nawa ra'ayi, zaki da ya hau karaga ya tabbatar wa mai mulki abin da yake so ya ji game da kansa, kura kuma ta yi muni har ta zama cin mutunci. Kwaɗo shi ne daidai, domin babba ne a murya, ƙarami a jiki, kuma ba a jin tsoronsa balle a ƙi shi. Ga shi kuma da sauƙin zane, da'ira biyu da baki mai faɗi, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai aiki shi kaɗai.

Bayan haka Alasan ya juya ga finafinan mutane, irin su Le Retour d'un aventurier da FVVA na 1972, ya kuma jagoranci sashen sinima a Jami'ar Yamai shekaru masu yawa, ya yi Samba le Grand a 1977 da 'yan tsana. Da kwaɗin suka dawo, sun tuɓe rigunan mulki sun ɗaura warki. A 1975, ƙarƙashin mulkin Seyni Kunce, aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara, kokowa ta zama abin da ke tara 'yan Nijar fiye da kowane wasa, musamman a ƙasar Adar inda kowane gari yake da ƙatonsa bayan kaka. Daga wannan fage Alasan ya ɗauko Kokoa, wanda ya fara a 1985 ya sake komawa kansa a 2001: 'yan tsana ne da ake gusar da su kaɗan kaɗan ana ɗaukar hoto, kwaɗi na kaɗa ganga suna kallo, hawainiya da tsuntsu na shiga fage, ƙaguwa kuma ita ce alƙalin wasa. Zambon ya yi laushi a nan, har ya koma wasa tsakanin ɗan gari da 'yan garinsu, kuma mutumin Keita ko Buza zai gane kirari da taƙama da kayen da ke ciki ba tare da tafinta ba.

Sai dai Sim bai sami abin da Mickey ya samu ba, watau mujalla mai fitowa kowane mako da za ta kai shi hannun yara, don babu kamfanin ɗab'i ko kasuwar da za ta ɗauki nauyin haka a Nijar ta wancan zamani. Alasan ne da kansa ya riƙa loda na'ura a mota yana kai majigi ƙauyuka, sa'an nan ya zauna a Tawa yana riƙe da masaukin baƙi, wani sashe nasa ya mayar ɗakin aiki, inda a ƙarshen rayuwarsa ya koyi zane da kwamfuta yana koya wa matasa. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015, Allah ya jiƙansa, kuma a 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya nunin finafinansa, har da na kwaɗin.