Manomin bogi da manomin Bakori

1/ Masu haɗa manhaja, ku matso. Kafin a saki manhaja ana cika rumbun bayananta da mutanen bogi don a ga ko za ta ɗauki nauyi. Ka kunna Faker, cikin daƙiƙa ya zubo maka manoma dubu. Matsalar ita ce duk kamannin Amurka gare su. Yankinmu na Funtuwa ya daɗe yana shan wuyar irin wannan zato. 🧵

2/ Rumbun farko a nan littafin haraji ne da jangali. Dagaci ya ƙirga magidanta, hakimi ya kai Katsina. Wanda aka rubuta shi zai biya, don haka mutane suka ƙware wajen ɓuya. A 1979 Balarabe Musa ya soke su, lokacin Bakori na cikin jihar Kaduna. Tsoron biro da takarda dai bai tafi ba.

3/ A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, tsararsa na Gusau da Gombe. Ya haɗa da Bakori da Malumfashi. Taki, iri, hanyoyin karkara, malaman gona. Masara ta samu gindin zama tun daga nan, wannan ba a musu.

4/ Amma wane manomi aka zana a takarda? Mai gona guda, shuka guda, jere reras. Alhali tun wajen 1966 David Norman na Samaru ya bi ƙauyukan Zariya gona-gona, ya nuna yawancin ƙasar gauraye ake shuka ta: gero da dawa, wake a tsakani. Ya kuma nuna dabara ce, ba duhun kai ba. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Fom mai gurbi ɗaya na "me ka shuka?" ba shi da inda zai sa wannan mutumin. Manyan manoma da suka yi kama da na takardar su suka fi kwasar garaɓasa.

5/ A 2012, zamanin Akinwumi Adesina, aka zo da tallafin taki ta wayar hannu: saƙo ya shigo, ka karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tunani mai kyau wallahi. Sai dai an ɗauka kowa na da wayarsa da sabis. Gidan da mutum biyar ke amfani da layi ɗaya fa?

6/ To yanzu alƙalami na hannunku. Gwada manhajarka da Musa Abdullahi guda goma a unguwa ɗaya, ka ga ko za ta ce maimaici ne ta share tara. Sa wanda sunansa na biyu sunan gari ne. Sa dattawa da yawa masu ranar haihuwa 1 ga Janairu, don haka aka cike musu a kati.

7/ Gona kuma ta fi rikici. Akwai gandu, akwai gayauna, akwai aro, haya, jingina. Mai noma daban, mai gona daban. Matar da ke kulle tana da gona, ƙaninta ke duba mata. Amfani kuwa da dami ake faɗa, da buhu, da tiya, ba kilo ba. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ ma ka zuba, wasu rumbunan alamar tambaya suke mayar da su.

8/ Abu ɗaya: kar ka kwafo jerin ƙungiyar manoma na gaske ka yi gwaji da shi. Dokar kare bayanai ta 2023 na nan, kuma a halin tsaron da ake ciki, takardar da ke nuna wa ya girbe buhu nawa, ga lambarsa ga ƙauyensa, ba abin bari a kwamfutar gwaji ba ce.