Daga Aci-balbal Zuwa Fitilar Motar Lantarki: Tarihin Tafiyar Dare a Hanyar Azare

 Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hirar motar lantarki ta shigo majalisunmu. Cikin maganganun da ake yi akwai wadda ta fi damuna: wai mota mai batir ba ta dace da tafiyar dare ba, domin fitila za ta shanye cajin. Mu 'ya'yan 'yan kasuwar ƙasar Katagum da dare kayanmu suke tafiya, da dare kuma 'yan uwanmu suke tahowa, saboda haka wannan magana ta shafi rayukanmu. Bari mu koma baya mu ga inda aka faro.

Zamanin da dare yake na hutu

Malam Ibrahim Zaki ya kafa garin Katagum a bakin kogin Jama'are wajen 1814, ya mayar da shi cibiyar masarautarsa. Garin yana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. Ta wannan hanya ce Turawan nan biyu, Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney, suka biyo ayari daga Borno a watan Janairun 1824, har Oudney ya mutu a Murmur, kusa da Katagum.

Fataken wancan lokaci ba su san tafiyar dare irin tamu ba. Madugu kan tayar da ayari da asuba, jagaba yana gaba, a sauka a zango tun rana ba ta faɗi ba. In duhu ya yi sai hasken wuta da na aci-balbal, wanda iyakarsa ya nuna maka fuskar wanda ke kusa da kai. Jaki da takarkari ba sa gudun da zai sa mutum ya nemi ganin abin da ke nesa. Shi ya sa magabata suka ce dare mahutar bawa.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. A 1916 aka ɗauke fadar Sarkin Katagum daga tsohon gari aka dawo da ita Azare, tazarar wajen kilomita 70. A cikin shekarar nan ta 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan. Layin dogo ya wuce Nguru a 1930, amma bai ratsa Azare ba. Ke nan gyaɗa da fatu da dabbobin ƙasarmu, da suka sauka daga bayan jaki, kan mota suka hau. Ita kuwa mota da ta samu fitila sai ta mayar da dare lokacin aiki.

Yadda mota ta samu ido

Motocin farko a ƙasar Turai da fitilar mai suke tafiya, sai kuma ta kabaid, wadda ake ɗiga wa ruwa ta fitar da iskar gas a kunna mata ashana. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, fitilar gaba mai aiki da lantarki ta fara bayyana ne a 1898 a jikin motar Columbia ta garin Hartford a Amurka, kuma ita kanta motar da batir take tafiya. Wato tun fil azal fitilar lantarki da motar lantarki tare suka taso.

A 1912 kamfanin Cadillac ya haɗa fitila da abin tayar da inji a kan tsarin lantarki ɗaya. A 1924 aka fito da ƙwan fitila mai zare biyu, wanda ya ba direba damar ɗaga haske ko sauke shi, abin da direbobinmu ke kira ful da dim. A 1939 Buick ya sa sigina mai ƙyaftawa. A 1962 ƙwan halojin ya shigo a Turai. A 1991 BMW ya kawo fitilar zenon mai farin haske, sannan wajen 2007 Lexus ya fara sa LED a fitilar gaba. Kowane mataki nufinsa ɗaya: haske ya ƙaru, cin wuta ya ragu.

Abin da ya faru a hanyarmu

Manyan motoci irin su Bedford da Marsandi 911 su suka riƙe safarar kaya tsakanin Arewa da Kudu shekaru masu yawa, sannan Fijo da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ta ɗauki fasinja. Direbobi sun zaɓi dare bisa dalilai sanannu: inji da taya ba sa zafi, shanu ba sa galabaita, kayan gwari ba sa lalacewa, kuma ana so a riski kasuwa da sassafe.

Akwai wata rana da ta shafi fitila kai tsaye. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Fitilar dim ba miƙe take haskawa ba. Ana karkatar da ita ne zuwa gefen titi don kada ta shiga idon mai tahowa. Motar da aka ƙera don ƙasar da ake bin hagu, kamar Ingila ko Japan, haskenta hagu yake karkata, wato a titinmu cikin idon abokin hanya yake faɗawa. Duk wanda ya sayi irin wannan mota aka juya mata sitiyari ba a canja fitila ba, da saura a aikin.

A watan Fabrairun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a 2006 kuma aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum da Damaturu. Raba titi biyu yana rage haɗuwar gaba da gaba. Sai dai bai kawar da halinmu ba. Kowa ya san mota mai ido ɗaya da ake ɗauka babur ce sai an zo daf da ita. Kowa ya san tirelar da ta mutu a kan kwalta babu danja, sai ganyen da yaron mota ya jera a titi. Ga kuma sababbin fitilu farare da ake ɗaura wa mota ba a saita su ba, suna makantar da jama'a.

Shin fitila tana shanye caji?

Motar lantarki ta riga ta shigo ƙasar nan. A 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona da ya harhaɗa a Legas. A 2021 aka buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, ƙarshen hanyar da ta ratsa garinmu, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu aiki da batir. To bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa.

Ƙwan halojin ɗaya yana cin wat 55, biyu wat 110 ke nan. In ka bar su a kunne awa 10, sun ci yunit 1.1, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Babban batirin Kona yana ɗaukar yunit 64, kuma mota irinta tana cin wajen yunit 15 a kilomita 100. Ke nan fitilar dare guda cur ba ta rage maka fiye da kilomita 7 ko 8 ba. In LED ce, wadda ba ta kai rabin wannan ci ba, asarar ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4. Abin da yake cin caji da gaske shi ne gudu, da nauyin kaya, da na'urar sanyaya mota.

Fitilun ma ba daga babban batir suke sha kai tsaye ba. Akwai ƙaramin batir mai bolt 12 kamar na kowace mota, babban ne yake ciyar da shi ta wata na'ura. Saboda haka hasken ba ya raguwa don mota ta tsaya, saɓanin tsohon babur da sai ka murɗa totur fitila take ƙarfi.

Abubuwa biyu ma sun sa motar lantarki ta fi ta fetur buƙatar fitila. Na farko, ba ta da ƙara in tana tafiya a hankali, har Tarayyar Turai ta wajabta daga 2019 a sa wa sababbin samfura sautin gargaɗi. Makiyayin da zai tsallaka da garke, ko yaron da ke talla a bakin tasha, in bai ji ta ba dole ya gan ta. Na biyu, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta fara rage gudu da kanta tana mayar da wuta cikin batir, shi ya sa ake ƙera ta yadda fitilar birki za ta kama in ragin ya yi ƙarfi, ko da ba ka taka birki ba. In wannan fitila ta mutu, na bayanka ba shi da labari.

Amma fa kowace fitila tana da iyaka. Dim yana haska wajen mita 50 zuwa 60 ne. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato daƙiƙa biyu ke tsakaninsa da abin da ya hango. Lokacin hunturu kuwa, in hazo ya sauko, ful ba ya taimako, domin ƙura tana dawo da hasken cikin idonka. Magani shi ne dim, da fitilar hazo ta ƙasa, da sassauta ƙafa.

Kammalawa

Wuraren caji ba su yawaita a hanyar Kudu ba tukuna, wannan ita ce matsalar motar lantarki ta gaskiya ga mai doguwar tafiya. Fitila kam ba ta cikin matsalolinta. Abin da nake tsoro shi ne ranar da irin waɗannan motoci da kekuna za su cika garuruwanmu, wani ya kashe fitila da sunan tattalin caji, ya sayar da ransa a kan kilomita uku.

Roƙona ga iyayenmu masu ɗora kaya da shugabannin tasha: kamar yadda kuke ƙirga buhu kafin mota ta tashi, ku sa direba ya kunna fitilar gaba, da danja, da sigina, da ta birki, ku gani da idonku. Madugun dā ba ya tayar da ayari sai ya tabbatar kowa zai ga hanya.

Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a kanta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.