Horon Kare da Tanƙwasawa: Muhawarar Masana da Halin Karnukan Farauta a Jahun

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin ra'ayin da ke cewa kare ba ya biyayya sai an nuna masa fin ƙarfi, ta auna shi da binciken masana halayyar dabbobi da kuma aikin da mafarautan fadamun Kogin Haɗeja ke nema daga karnukansu. Matsayarta ita ce duka da tsoratarwa suna cutar da kare, suna kuma ɓata aikin da ake kiwonsa dominsa.

Asalin ra'ayin

A 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa abin da ya gani wajen kyarketan da aka tsare a gidan namun dajin Basel. An tattaro su daga wurare daban-daban, suka yi ta faɗa har mai ƙarfi ya danne saura. David Mech ya yaɗa wannan fahimta a littafinsa na 1970, masu horon karnuka a Amurka kuma suka ɗora a kai: ka kayar da kare rigingine, ka danne shi, ya san kai ne babba. Sai ga Mech da kansa a 1999, bayan ya daɗe yana kallon kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya ce garke a dawa iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu.

Duk da haka magana ba ta ƙare ba. Bradshaw da abokan aikinsa a Bristol (2009) sun ce batun fifiko ba ya bayyana halin karen gida. Schilder da nasa abokan a Holan (2014) suka mayar da martani cewa fifiko tsakanin karnuka abu ne da ake iya aunawa, kamar yadda Cafazzo ta gani a karnukan da ke yawo a wajen birnin Rum (2010). A ganin wannan marubuci ɓangare na biyu ya fi hujja a nan. Amma kasancewar wani kare yana kauce wa wani a bakin abinci bai zama dalilin mutum ya ɗauki sanda ba.

Abin da aka auna

Herron da abokanta a Jami'ar Pennsylvania (2009) sun tambayi masu karnuka 140. Cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin ɗari sun mayar da faɗa. Waɗanda aka ƙwace wa abu daga baki da ƙarfi, kashi 39. Waɗanda aka kayar rigingine, kashi 31. A lura, karnuka ne da aka riga aka kai asibiti saboda matsalar hali. Binciken Vieira de Castro a Fotugal (2020) kan karnuka 92 ya cike wannan giɓi: waɗanda ake horarwa da azaba sun fi yin haki da maƙurewa, sinadarin damuwa kuma ya fi hauhawa a yawunsu.

Jahun

A Jahun da Miga, har gabas zuwa Haɗeja, kare ma'aikaci ne: gadin gida, rakiyar shanun Fulani, da farauta bayan an kawar da amfanin gona. Ba wanda ya karanta Schenkel, amma sandar ɗaya ce. Ana yanke wa kwikwiyo kunne, ana ɗaure shi, ana barinsa da yunwa kafin fita wai don ya yi zafin nama.

Sai dai a dubi abin da maharbi yake so. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, hadisin Adiyyu ɗan Hatim kuma ya yi gargaɗi kan karen da ya ci daga abin da ya kama. Ke nan ana son kare ya tafi in an sake shi, ya dawo in an kira, ya saki zomo ko gafiya in an miƙa hannu. Karen da ya saba shan duka a daidai wannan lokaci zai kwantar da kai, ya dafe naman da ƙafa, ya yi gurnani, ko ya shige da shi cikin kacala. Alƙalamin nan na kashi 39 a kansa yake magana. Tsofaffin mafarauta kuwa suna feɗe abin da aka kamo nan take su jefa wa kare kayan ciki. Wannan shi ne horo da lada, tun kafin masana su sa masa suna.

Akwai kuma lafiyar jama'a. Allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa, ba ta yiwuwa sai an riƙe kare. Wanda ya san hannun ubangidansa da duka ba ya tsayuwa ranar da malaman dabbobi suka shigo gari, kuma shi ne yara ke jifa a hanyar makarantar allo.