'Yan Rakiyar Jiragen Bom a Sararin Jamus, 1943–1944

Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, manyan hafsoshinta na sama sun haƙiƙance cewa babban jirgi mai jefa bom ba ya bukatar ɗan rakiya. Hujjarsu ita ce jirgin nan B-17 yana ɗauke da mutum 10 da bindigogi masu jigida goma ko fiye, in kuwa aka jera irinsa a sahu, kowane na kare na kusa da shi, ba mai iya kutsawa. Shekarar 1943 ta ƙaryata wannan zato. Ran 17 ga Agusta jirage 376 suka tashi daga Ingila zuwa Regensburg da Schweinfurt, inda Jamus ke ƙera jiragen yaƙi da boris na injuna, aka kakkaɓo 60. Ran 14 ga Oktoba aka sake tura 291 Schweinfurt, 60 ba su komo ba, watau mutum wajen 600 ke nan a yini guda.

Ba rakiyar ce ba a yi musu ba. Ƙananan jiragen faɗa da a ke kira P-47 su kan bi su har wajen Aachen a bakin iyakar Jamus, sa'an nan mai ya tilasta musu juyawa. Rakiya ce irin wadda Bahaushe ya sani, ta taka wa baƙo zuwa bakin gari a yi sallama. Matuƙan Jamus kuwa sun san wurin sallamar, sai su dakata har 'yan rakiya sun ba da baya, kana su afka wa ayarin.

A ƙarshen 1943 aka samu P-51 Mustang, wanda aka sa wa injin Merlin na Ingila, aka kuma rataya masa tankunan mai da a ke yarwa in faɗa ya taso. Shi yana iya zuwa Balin ya komo. Galibin masu ba da labari a nan su kan tsaya, alhali kuwa jirgin kaɗai bai isa ba, sai da aka sake fahimtar aikin rakiyar kansa.

Ƙarfin ƙaramin jirgi yana cikin gudunsa da hawansa sama. Wanda ya fi tashi shi ke zaɓen lokacin faɗa, ya sulalo ta wajen rana inda ido ba ya iya dubawa, ya yi harbi ya wuce. In aka ɗaure shi a gefen babban jirgi mai nauyin tafiya, an raba shi da duka biyu, ya zama mai jiran a far masa. Jamusawa sun ɗanɗani haka tun 1940, lokacin da Göring ya umurci matuƙan Bf 109 su manne wa jiragen bom ɗinsu a sararin Ingila, irin su Adolf Galland suka yi ta ƙorafi a banza.

A Janairun 1944 Janar Doolittle ya karɓi Runduna ta Takwas ta mayaƙan saman Amurka, ya saki 'yan rakiya su yi gaba su tari abokan gaba tun ba su yi sahu ba, su kuma bi su har filayen saukarsu. Mutanen manyan jirage sun ji haushi ƙwarai, gama a ganinsu an yashe su, kuma ba za a ce ba su da hujja ba: ran 6 ga Maris an rasa 69 a harin Balin. Amma daga makon 20 zuwa 25 ga Fabrairu, Jamus ta shiga rasa gwanayen matuƙanta fiye da yadda za ta iya mayarwa. Jirgi a kan ƙera wani cikin kwanaki, gwanin matuƙi kuwa sai shekaru, ga shi ƙarancin mai ya rage wa sababbin sa'o'in koyo. Ran 6 ga Yuni, da sojojin Ƙawance suka sauka gaɓar Nomandi a Faransa, jiragen Jamus da suka iya leƙowa 'yan kaɗan ne.